Alhakin Jirgi a Wuyan Wa?

Ranar 4 ga watan Yuli na shekarar 2020, wani jirgin ruwa na dakon kaya mai suna Wakashio ya bar tashar Lianyungang ta ƙasar Sin. Ya yada zango a Singafo ya sha mai, sannan ya faɗa tekun Indiya ya nufi Tubarao ta ƙasar Birazil, inda ake loda tamar ƙarfe. Tsawonsa ya kusa mita 300, amma a wannan tafiya cikinsa wayam yake, ba ya ɗauke da komai sai man da injinsa ke sha, wato baƙin mai kimanin tan 3,900 da gazuwal tan 200 da ɗoriya. Ma'aikata 20 ne a cikinsa, mafi yawansu ƴan Filifin; kyaftin ɗinsu ɗan Indiya ne, mataimakinsa ɗan Siri Lanka.

Ba a ɓoye aka yi tafiyar ba. Tun ƙarshen shekarar 2004 dokar kare rayuka a teku ta wajabta wa kowane babban jirgi mai ƙetare ƙasashe ya ɗauki wata na'ura da ake kira AIS, wadda ba ta da wani aiki sai shela: sunan jirgi, inda yake, gudun da yake yi, da inda ya sa gaba. Idan jirgi na tafiya takan maimaita shelar bayan ƴan daƙiƙoƙi, tashoshin bakin teku da taurarin ɗan adam su kama, wasu kamfanoni su zana ta bisa taswira su baza a intanet. Shi ya sa ɗan kasuwar da ke zaune a Maraɗi, wanda bai taɓa ganin teku da idonsa ba, yake iya bin jirgin da ya ɗauko kwantenarsa daga Dubai ko Guangzhou har ya iso Kwatano ko Lome, kamar yadda mai raƙumi ke bin sawun dabbarsa a kan rairayi. Sawun Wakashio ma yana nan ajiye. Wanda ya dube shi zai ga layi miƙaƙƙe da ya ratsa teku kwana da kwanaki, sannan ya ga ya karkata sannu a hankali zuwa wani ɗan ɗigo da ke gabas da Madagaskar, tsibirin Moris.

Bayanin da kamfanin Mitsui OSK, wanda ya yi hayar jirgin, ya fitar a watan Disamba na 2020 ya fayyace yadda karkatar ta auku. Tsarin tafiya na asali shi ne a wuce tsibirin da tazarar mil 22 na teku, kimanin kilomita 40. Ranar 23 ga Yuli aka rage tazarar zuwa mil 5. Ranar 25 ga wata aka sake ragewa zuwa mil 2, alhali taswirar da ke hannunsu ba mai nuna zurfin bakin gaɓa dalla-dalla ba ce, kuma wanda ke kan tsaro bai sa ido yadda ya kamata ba. Bayan faɗuwar rana, wajen ƙarfe 7 da minti 25, jirgin ya hau duwatsun murjani na Pointe d'Esny, ƙasa da kilomita 2 daga gaɓa. Dalilin matsowar kuwa shi ne abin da ya fi ɗaure wa duniya kai: ma'aikatan suna neman rezo ne, don wayoyinsu na salula su kama su ji muryar iyalansu. A daren kuma ana bikin ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu, kyaftin Sunil Kumar Nandeshwar ya amsa da bakinsa a gaban kotu cewa ya kurɓi barasa.

Kwana 12 jirgin yana zaune bisa dutse igiyar ruwa na dukansa, man bai fita ba. Ranar 6 ga Agusta cikinsa ya tsage, kimanin tan 1,000 na baƙin mai ya malala cikin ruwan da masuntan Mahebourg ke ci daga gare shi, ya kewaye ɗan tsibirin Aigrettes inda ake kiwon tsuntsaye da tsirran da suka kusa ƙarewa a duniya. Washegari faraminista Pravind Jugnauth ya ayyana dokar ta-ɓaci. Talakawan tsibirin ba su jira kowa ba, suka riƙa ɗinka dogayen buhuna suna cusa musu ganyen rake da gashin kai da masu aski suka tara, suna shimfiɗawa bisa ruwa don tare man. Ranar 15 ga wata jirgin ya rabu biyu, ranar 18 aka kama kyaftin da mataimakinsa. A ƙarshen watan Disamba na 2021 wata kotu a Port Louis ta yanke wa kowanensu wata 20 a gidan kaso bisa laifin jefa zirga-zirgar jiragen ruwa cikin haɗari. Da yake sun riga sun shafe wata 16 a tsare, ba su daɗe ba aka sallame su.

Idan aka tsaya nan, labari ya yi daɗin ji: an yi laifi, an kama mai laifi, an hukunta shi. To amma tambayar da ta cancanci a yi ita ce, shin wata 20 na mutum biyu ya ɗauke nauyin abin da ya auku? In bai ɗauke ba, ragowar nauyin a wuyan wa ya sauka?

A fara da kyaftin, domin ba daidai ba ne tausayi ya wanke shi. Hausa ta bambanta tsautsayi da ganganci, kuma bambancin ba na baki kawai ba ne. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo wa mutum yana kan hanyarsa. Ganganci kuwa mutum ne ya bar hanya da ƙafarsa ya je ya tarye shi. Wanda ya ja jirgi mai tsawon mita 300 ya raɓi gaɓar da ba shi da taswirarta bai isa ya fake da ƙaddara ba. Sai dai kuma abin da ya ja shi ba kwaɗayin dukiya ba ne. A shekarar 2020 annobar korona ta rufe tashoshi da filayen jiragen sama, har hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a watan Satumba cewa ma'aikatan jiragen ruwa wajen 400,000 sun maƙale a teku, wa'adin aikinsu ya cika amma ba halin sauka. Wasu daga cikin mutanen Wakashio ma sun zarce wa'adinsu. Duk gidan da ke da ɗa a Libiya ko Abijan ya san darajar kira ɗaya na minti biyu a lokacin da ake jin labarin cuta ta ko'ina. Wannan bai mayar da ganganci tsautsayi ba, amma ya nuna cewa mutumin da aka damƙa wa sitiyari an bar shi cikin wani hali, kuma wasu ne suka bar shi a ciki.

Akwai wani abu da ya fi wannan wuyar warwarewa. Binciken hukumar tsaron sufuri ta Japan, wanda ya fito a 2023, ya nuna ba ranar ce ta farko da jirgin ya raɓi gaɓa don neman rezo ba. A waɗancan ranaku an matso, an yi waya, an wuce lafiya, ba wanda ya ce uffan. Aikin ɗaya ne, niyyar ɗaya ce, sakacin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta ranar 25 ga Yuli da sauran shi ne dutse ya kasance a inda yake. Shari'a ba ta hukunta mutum sai ɓarna ta auku, kuma tana da hujjarta, don in ba haka ba gidajen kaso ba za su ɗauki jama'a ba. Amma lamiri ba zai iya cewa kyaftin ya zama mai laifi ne a daƙiƙar da ƙarfe ya taɓa murjani ba. Laifin ya girme wannan daƙiƙa. In kuwa haka ne, to duk wanda ke da ikon ganin waɗancan karkatar na baya bai duba ba, ko ya duba ya yi shiru don tafiya ta ƙare lafiya, yana da rabo a ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne na'urar bin sawu ta tona abin da masu ƙera ta ba su nufa ba. An yi zaton idan kowane jirgi yana bayyane a kan allo, to an sami mai tsaro. Ashe gani daban, tsaro daban. Kwana biyu cur layin Wakashio yana nuna tsibirin kamar yatsa, kuma bayanin yana isa ofisoshi a nahiyoyi dabam-dabam. Masu gadin gaɓar Moris suna da na'urar rada tasu. Sun ce sun yi ta kira ba a amsa ba, kotun binciken da gwamnati ta kafa kuwa ta shafe watanni a 2021 tana titsiye su a kan abin da suka gani da lokacin da suka gan shi. Abin da idon na'ura ya tara bai hana komai ba, amma bayan an yi ɓarna sai ya zama shaida wadda ba ta mantuwa, ba ta karɓar toshiya. Wato na'urar ta ƙware wajen amsa tambayar alƙali, ta kasa yin aikin maƙwabcin da ke ganin hayaƙi ya kwarma ihu. Ihu aikin mutum ne wanda aka ce masa: wannan jirgi amanarka ne. Inda ido dubu ke kallo ba a damƙa wa ko ɗaya amana ba, kowane ido yakan ɗauka wani ne zai yi magana. Ba banza ba, cikin gyare-gyaren da Mitsui OSK ya yi alkawari bayan haɗarin har da ƙarfafa sa ido a kan jirage daga ofis da kyautata hanyar sadarwa a cikinsu.

To jirgin na wane ne? Tambaya ce mai sauƙi a tashar mota, inda sunan mai mota ke rubuce a ƙofa, amma a teku ba haka take ba. Wakashio tutar Panama yake ɗauke da ita. A takarda mallakar wani kamfani ne mai suna Okiyo Maritime, wanda shi kuma reshe ne na Nagashiki Shipping na ƙasar Japan. Mai ba shi umarnin inda zai je ya yi lodi kamfanin Mitsui OSK ne. Inshorarsa tana hannun wata ƙungiyar masu jirage ta Japan. Ba wani abin mamaki a wannan tsari, haka akasarin jiragen duniya suke. Panama da Laberiya da tsibiran Marshal su ne manyan masu ba da tuta, ba don ƴan ƙasarsu ne ke da jiragen ba. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce lalle a sami dangantaka ta haƙiƙa tsakanin jirgi da ƙasar da ta ba shi tuta, amma ba ta faɗi abin da zai biyo baya in babu dangantakar ba. Dokar ma ta yarje wa ƙasar da ba ta da teku ta yi wa jirage rajista, kuma Mongoliya da Bolibiya sun yi. Da Nijar ta so, da ita ma an ga tutarta tana kaɗawa a tekun da ba ta da ko taku ɗaya a bakinsa. Amfanin wannan rarrabuwa ga masu dukiya a fili yake: riba takan bi sarƙar ta hau har ƙarshe ba tare da ta ɓata hanya ba, alhaki kuwa a kowace gaɓa sai ya tarar da ƙofa a rufe.

Ba a nan dokar ta tsaya ba. Tun zamanin da, ta ba mai jirgi wata gata da ba ta ba mai mota ko mai masana'anta ba, wato ya iyakance abin da zai biya komai girman ɓarnar. Dokar teku da Colbert ya tsara wa sarkin Faransa a 1681 ta yarda mai jirgi ya sallama jirgin da kuɗin dakonsa ga masu bin sa, shi ke nan ya kuɓuta. A yau yarjejeniyar Landan ta 1976 ce ke auna iyakar da girman jirgi, ba da girman asara ba. Kuma ba a karya iyakar sai an tabbatar cewa mai jirgin da kansa ne ya jawo asarar, da gangan ko da ganganci yana sane da abin da zai iya biyowa. Mai karatu ya lura da abin da wannan sharaɗi ke haifarwa: duk yadda laifi ya taru a kan kyaftin shi kaɗai, haka mai jirgi ke ƙara samun mafaka. Labarin rezo da bikin haihuwa gaskiya ne, amma gaskiya ce mai yi wa wasu rana.

Adalci ne a saurari hujjar masu kare wannan gata, domin ba hujjar banza ba ce. Suna cewa teku wuri ne na halaka, mai jirgi yana aika dukiyarsa inda idonsa ba ya kaiwa, in aka ce zai biya duk abin da ya auku ba iyaka, ba kamfanin inshorar da zai tsaya masa, ba kuma mai hankalin da zai sa kuɗinsa a jirgi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi. Shinkafar da ke kasuwar Damagaram, da babur ɗin kabu-kabu, da atamfar da ake kai wa amarya, duk sun yi kwanaki a cikin jirgi, kuma arharsu tana da nasaba da arhar dako. Fikihun Malikiyya ma ya san wannan sassauci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Tawa har Damagaram, ta ɗauke wa mai jirgi lamunin kayan da suka salwanta, ta kuma hana shi ladan dako sai ya isar da su. Masu sharhi suka bayyana cewa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to zai biya. Haka kuma malaman sun yi magana a kan kayan da aka jefa ruwa don jirgi ya tsira, suka ce a raba asarar a kan dukiyar fataken da ke ciki. Wannan ƙa'ida ta girmi Musulunci, Rumawa sun gaje ta daga mutanen tsibirin Rodes, kuma tana aiki har yanzu da sunan da Faransawa ke kira «avarie commune». Da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris na 2021, hukumar mashigin ta nemi diyyar dala miliyan 916, kotu ta tsare jirgin har 7 ga Yuli, mai jirgin ya ayyana wannan ƙa'ida, aka nemi duk mai kwantena a ciki ya ba da lamunin kasonsa kafin a sakar masa kaya, ko da kayansa ko ƙwarzane ba su yi ba.

Wannan rabon asara yana da kyau, kuma duk wanda ya san ayarin fatake zai gane shi: waɗanda suka bi madugu ɗaya sun yarda riba da wahalar hanya su zama na kowa. Sai dai kyawunsa ya dogara ga abu guda, yarda. Mai kaya ya san teku, ya sa hannu a takardar dako, yana iya sayen inshora, yana kuma jiran riba. Masuncin Mahebourg fa? Bai yi hayar jirgi ba, ba shi da ko buhu ɗaya a ciki, tamar Birazil ba za ta ƙara masa ko kifi ɗaya ba. Bai shiga ayarin ba, ayarin ne ya bi ta cikin gonarsa. Kuskuren da ke cikin dokar iyakance diyya shi ne ta ɗauki sassaucin da ya dace tsakanin abokan tafiya ta shimfiɗa shi a kan wanda ba a taɓa shawartarsa ba. Abin da ya haura iyaka ba ɓacewa yake yi ba. Wani ne ke biyansa da komarsa da ta daina kamu, da ɗakin baƙinsa da ya zauna ba kowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A nan wani ya ci ladan, aka miƙa wa wani askar.

Lissafin da masana suka yi a 2020 ya ƙara fito da abin fili. Da yake Wakashio ba tankar mai ba ne, man injinsa ne ya zuba, sai ya faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar 2001, wadda ta ɗora wa mai jirgi biya ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba, amma ta bar masa gatar iyaka. Moris kuwa tsohuwar yarjejeniyar 1976 ta sa wa hannu, wadda a ƙarƙashinta iyakar jirgi mai wannan girma ba ta wuce dala miliyan 18 ba. Da ta sa hannu a gyaran 1996, da iyakar ta kai wajen miliyan 65. Da kuma man nan daga cikin tankar mai ya fito, da asusun ƙasa da ƙasa zai iya biyan har kusan miliyan 286. Ruwa ɗaya, mai ɗaya, kifi ɗaya, amma darajar asarar masunci tana hawa tana sauka gwargwadon irin jirgin da ya yi masa ɓarna da takardar da wani minista ya sa wa hannu ko ya manta da ita shekaru da suka wuce. A 2021 mai jirgin ya nemi kotun ƙolin Moris ta tsayar masa da iyakarsa. Bai saɓa doka ba da ya nema. A nan kuma gwamnatin tsibirin tana da nata kason, kamar yadda take da shi a kwanaki 12 da jirgin ya yi bisa dutse kafin man ya fita. Dubun dubatar mutanen da suka cika titunan Port Louis ranar 29 ga Agusta ba kyaftin suka fito tuhuma ba.

Tarihi ya nuna wannan katanga tana tsagewa, amma sai wanda aka cuta yana da ƙarfin bin sawu. Ranar 18 ga Maris na 1967 tankar Torrey Canyon ta hau duwatsu a kudu maso yammacin Ingila da ɗanyen mai kimanin tan 119,000, bayan kyaftin ɗinta ya yanke hanya don ya cim ma lokaci. Tutarta ta Laberiya ce, kamfanin da ya mallake ta yana Bermuda, ba shi da abin kamawa a Ingila ko Faransa. A wata kotu ta Amurka an ƙiyasta abin da ya rage na jirgin da dala 50, kuɗin kwale-kwalen ceto guda da ya tsira, aka nemi diyya ta tsaya nan. Sai Ingila ta shiga farautar wani jirgin kamfanin mai suna Lake Palourde, a zamanin da ba na'urar AIS, har ta ritsa shi a Singafo ta liƙa masa sammaci. Faransa ma ta kama shi daga baya a Rotadam. A 1969 aka sasanta a kan fam miliyan 3, ƙasashen biyu suka raba, a shekarar kuma aka ƙulla yarjejeniyar farko ta diyyar malalar mai.

Na Amoco Cadiz ya fi wannan tsawo. Ranar 16 ga Maris na 1978 sitiyarin tankar ya lalace a gaɓar Bretagne ta Faransa, aka ɓata sa'o'i masu tsada, wani ɓangarensu wajen ciniki da jirgin da ya zo janta, daga bisani ta hau duwatsun Portsall ta zubar da ɗanyen mai fiye da tan 220,000 a gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 300. Magadan garuruwan yankin, ƙarƙashin jagorancin Alphonse Arzel, suka haɗa kai suka bi uwar kamfanin har gidanta a Shikago. A 1984 alƙali Frank McGarr ya ƙi tsayawa ga tutar Laberiya da ƙananan kamfanonin da aka jera a takarda, ya ce uwar kamfanin ce ke juya su duka, kuma sakacinta wajen kula da sitiyarin ya hana ta gatar iyaka. Hukunci ne da ya kai hannu inda riba ke kwana. Amma sai a 1992, shekara 14 bayan haɗarin, aka kammala shari'ar da diyyar da ta haura faran biliyan ɗaya na Faransa, mafi yawanta kuma gwamnati ta karɓa. Ƙauyukan Faransa ne, da ƙasa mai ƙarfi a bayansu, suka yi shekara 14 suna biyan lauyoyi a wata nahiya. Masuncin ƙaramin tsibiri da wane guzuri zai yi irin wannan tafiya?

Wani zai ce ai ta wannan lissafi kowa na da laifi, har mai sayen shinkafa mai arha a Yamai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma ta ƙara kusanto Nijar tun watan Mayu na 2024, lokacin da aka loda wa tankar farko ɗanyen man Agadem a Seme ta ƙasar Benin, bayan ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. Ƙasar da manta ke yawo a teku ba ƴar kallo ba ce a maganar gaɓar wasu. Amma a yi hattara da wannan magana, domin «kowa na da laifi» ƙanwar «ba mai laifi» ce, kuma masu jera kamfanoni a takarda ba abin da suke so kamar a narkar da alhaki cikin taron jama'a. Alhaki yana da ma'auni: gwargwadon abin da mutum ya sani, da abin da yake da ikon hanawa, da abin da ya ci. Mai sayen shinkafa ya ci kaɗan, bai san komai ba, ba ya iya hana komai. Kyaftin ya sani, yana da iko a wannan dare, abin da ya ci albashi ne. Mai jirgi da mai haya su ne suka fi kowa ci, suna da ikon zaɓen ma'aikata da sauke su in wa'adi ya cika, da saya musu taswira, da duba layin da jirginsu ke zanawa kowace rana. A kan wannan ma'auni, wanda ya kwana a kaso ba shi ne mafi nauyi ta kowace fuska ba, shi ne dai wanda hannu ya iya kaiwa gare shi.

A watan Satumba na 2020 Mitsui OSK ya yi alkawarin kashe yen biliyan ɗaya, kimanin dala miliyan 9, wajen farfaɗo da murjani da itatuwan bakin ruwa da tallafa wa mutanen yankin, tare da nuna cewa a shari'a mai jirgi ne ke da alhakin biya, ba mai haya ba. Ba a raina wannan ba. Kamfanoni da yawa ko hakan ba su yi. Amma kyauta da haƙƙi ba su zama ɗaya ba ko da adadinsu ya zo daidai. Mai kyauta shi ke zaɓen nawa, da yaushe, da wa, a kuma yi masa godiya. Mai biyan haƙƙi ana kiransa ne ya zo, wanda aka cuta ya tsaya a gabansa a matsayin mai bin bashi. Mutumin da aka ɓata wa ruwa sannan aka mayar da shi mai karɓar alheri an rage masa wani abu da ba a lissafa shi cikin tan ko dala.

Akwai kuma waɗanda lissafin bai ambata ba sam. Daren 31 ga Agusta na 2020, wani ƙaramin jirgin ja na hukumar tashar Port Louis mai suna Sir Gaetan Duval yana komowa daga wurin aikin Wakashio, yana jan wani kwale-kwalen dakon mai cikin teku mai hauka, sai kwale-kwalen ya buge shi ya huda shi, ya nutse. Mutum 8 ne a cikinsa, dukansu ƴan tsibirin. An ceto 4, an tsamo gawa 3, kyaftin ɗinsu kuwa aka yi ta nema ba a gan shi ba.